Ranar da Hatimai Suka Yi Yaƙi a Siranda

A can gabashin Daular Rum, inda ƙasar noma take ƙarewa duwatsu su fara, akwai wani birni mai ganuwar dutse da ake kira Siranda. Ba wani babba ba ne, amma duk ayarin da zai haye tsaunuka sai ya yada zango a cikinsa, duk rundunar da za ta gangaro kuma sai ta bi ta gaban ƙofarsa. Saboda haka ko da yake Kaisar, Sarkin Rum, yana can nesa a Kustantiniya, bai taɓa ɗauke ido daga kan birnin ba.

A tsakiyar gari akwai babban coci mai ƙubba, a bayansa kuma akwai ɗakin da ake ajiye takardu. Mai riƙe da mabuɗin ɗakin nan shi ne Ma'aji Damiyanos, wani limami kakkaura mai furfura a gemu, wanda ake jin dariyarsa tun kafin a ga inuwarsa. Aikinsa buga hatimi. A ƙasar Rum takarda ba ta zama takarda sai an rataya mata dalma. Za a ɗaura igiya a gindin takardar fata, a zura igiyar cikin wani ɗan curin dalma mai huda, a sa curin a bakin wani awartaki na ƙarfe da aka sassaƙa wa zane a leɓɓansa biyu, sannan a kawo guduma a doka. In an buɗe, sai a ga dalmar ta baje ta kama igiyar gam, gefe ɗaya da surar waliyyi, ɗaya gefen da sunan Babban Limami da muƙaminsa. Da wannan ake naɗa limaman ƙauyuka, da shi ake tabbatar da gonakin coci da lambunan zaitun, da shi ake kiran jama'a su amsa. Duk wanda ya ga dalmar Siranda a jikin takarda ya san bakin Babban Limami Arsaniyos ne ya yi magana, ko da yake tsohon ya daɗe a zaune, ƙafafu sun daina ɗaukarsa.

A shekarar da wannan abu ya faru, hakimin birnin ya tafi Kustantiniya gaisuwa, ya bar majalisa a hannun Babban Limami, ya bar harkokin yau da kullum a hannun Waziri Fotinos. Bai jima da tafiya ba sai ga labari ya iso cewa Tarkanos, shugaban rundunar gabas, ya yi wa Kaisar tawaye, har ya sa jan takalmi wanda ba mai sa shi sai sarki, ya kuma nufo Siranda. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne mutanen dutse sun biyo shi, su da shugabansu Sambat, alhali tun kaka da kakanni su 'ya'yan cocin Siranda ne.

Ranar da manzon Tarkanos ya iso, da safe aka ga shamuwa sun sauka a kan ƙubbar coci tun lokacinsu bai yi ba, suna ta ɗauko kara. Waziri ya ce alama ce mai nauyi, har tsuntsaye sun gudo daga gaban rundunar da ke tafe. Sarkin Yaƙi Nikitas, wanda tun suna yara suke tare da Damiyanos, ya ce shi dai bai taɓa ganin shamuwa ta yi sheƙa a gidan da zai ƙone ba. Da aka tambayi Ma'aji nasa fassarar, sai ya ce abin da ya sani tabbas shi ne ƙubbar za ta sha kashi, kuma shi za a sa ya nemo mai wankewa. Aka yi dariya, aka shiga majalisa da sauƙin zuciya.

Manzon ya shigo cikin sulke, bai cire kwalkwali ba, ya tsaya a gaban kujerar Babban Limami ya ce, "Tarkanos, garkuwar gabas, wanda dawakansa suka cika kwari, yana gaishe da dattawan Siranda. Ba ya neman zinariyarku, ba ya neman alkamarku. Ku buɗe masa ƙofa ya wuce, ku ba shi awartakin hatimin coci ya riƙe amana har ya zauna a kan karaga. In kun yi haka ko kaza ba za a taɓa ba. In kun ƙi, ganuwarku za ta zama makwancin dila."

Aka fitar da shi zaure ya jira. Waziri Fotinos ya miƙe ya gyara alkyabba, ya yi magana mai tsawo da murya mai laushi. Ya ce hakimi ba ya nan, Kaisar yana nesa, kuma kafin taimako ya iso an gama da su. Ya tuna wa majalisa mata da tsofaffi da ke cikin gari. Ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka miƙe tsawonka yana nan, balle abin da ake nema ɗan ƙarfe ne da kowane maƙeri zai iya ƙera wani. Wasu dattawa suka gyaɗa kai. Sarkin Yaƙi bai ɓoye gaskiya ba. Ya ce mazajensa kaɗan ne, kibau ba su da yawa, ƙarfinsa yana ga 'yan majajjawa, su kuwa sai da harsashin dalma suke iya fasa kwalkwali. Amma ya ce in an umarce shi ya tsaya, zai tsaya.

Sai Damiyanos ya nemi izini. Waɗanda suka saba da barkwancinsa suka fara murmushi, amma wannan karon fuskarsa a ɗaure take.

Ya ce, "Allah ya ƙara wa Ubanmu yawan rai. Waziri ya ce ƙarfe ne kawai, kuma gaskiya ya faɗa, a kasuwa ba zai sayi tunkiya ba. To ku tambayi kanku abin da ya sa mai dawakai cike da kwari yake roƙon ƙarfen da bai kai tsawon damtsena ba. Da takobi gari ɗaya zai iya tilasta wa a rana. Da wannan kuwa zai aika wa kowane ƙauye daga nan har bakin teku cewa coci ya sa masa albarka, iyaye su miƙa masa 'ya'yansu da hannunsu suna murna. Harshen Ubanmu yake so a yanko a kai masa."

Babban Limami Arsaniyos ya daɗe idonsa a rufe har wasu suka zaci barci ya ɗauke shi. Can ya ce a shigo da manzo. Da ya shigo, tsohon ya ce masa, "Koma ka gaya wa ubangidanka, tsoho ya ce haƙoransa sun zube, amma harshensa yana nan a bakinsa, kuma a nan zai zauna."

Washegari Waziri ya aiko wa Ma'aji da gayyatar liyafar rana, wai don kada saɓanin majalisa ya bar tabo a tsakaninsu. Damiyanos ya san ruwa ba ya tsami banza, domin shekara da shekaru Waziri bai taɓa ba shi ko ɓaure ɗaya ba. Amma ya ce wa kansa ƙin amsa gayyata rashin ladabi ne, barin gasasshen rago kuma almubazzaranci. Ya shiga ɗakin ajiya ya ɗan jima, ya fito ya kulle, ya tafi.

An yi shiri na gaske. Ga ɗan rago an cusa masa shinkafa da zabibi, ga kifin kogi, ga gurasa mai zafi, ga cuku da zuma. Waziri yana ta tura masa akushi bayan akushi, yana jan hira, yana satar kallon ƙofa. Damiyanos ya ci, ya yaba, ya ƙara, ya ba da labarin kakarsa da labarin kakar kakarsa. Abu ɗaya kawai Waziri ya lura da shi, baƙon nasa ya zauna a miƙe kamar an dasa shi, ko sunkuyawa ba ya yi. Da ya tambaya, Ma'aji ya ce ciwon baya ne irin na tsufa. Can wani bara ya shigo ya yi wa Waziri raɗa, fuskar Waziri ta canza kamar an watsa mata toka. Damiyanos ya suɗe hannu, ya yi godiya mai yawa, ya nemi a ƙunsa masa sauran ragon, ya fita.

Yana isa bayan coci ya tarar da abin da ya zata. An ɓalle ƙofar ɗakin ajiya, an kifar da akwatuna, an tone har ƙarƙashin dabe. Takardu dai ba a taɓa su ba, domin ba su aka zo nema ba. Ya wuce kai tsaye wajen Nikitas a bakin ganuwa, ya ɗaga babbar rigarsa, sai ga awartakin a ɗaure da ɗamara a kan tumbinsa, har ya yi masa shaida a fata. Sarkin Yaƙi ya yi dariya har ya dafa bango. Amma da suka tafi da dakaru gidan Waziri, sai suka tarar ya riga ya sulale ta ƙofar ruwa ya nufi sansanin Tarkanos. Dariyar Nikitas ta tsaya. Ya ce wanda ya gudu ya tafi da abin da ya fi awartaki haɗari, domin a gabansa aka faɗi yawan kibansu da dalmarsu.

Haka kuwa aka yi. Tarkanos bai kawo babban hari nan da nan ba. Kullum sai ya turo 'yan tsiraru su matso su ja da baya, 'yan ganuwa su yi ta harbi, har kwarin kibau ya soma zama fanko. Damiyanos ya kwashe duk curin dalmar da ba a buga ba ya bayar, mata suka kawo ma'aunan dalma na saƙa da na kasuwa, duk aka narke aka jefa. Aka koma tsintar duwatsu, amma dutsen Siranda fari ne mai gautsi, in ya sami kwalkwali sai ya watse kamar gari. Duk da haka gari bai karaya ba. Da yamma Ma'aji yakan zaga ganuwa da kwandon gurasa, yana kwaikwayon tafiyar Waziri da muryarsa, dakaru suna riƙe ciki.

Ran nan da hantsi masu gadi suka hango sansani ya tashi gaba ɗaya. Tsanuka a gaba, mahaya a baya, rundunar Tarkanos ta nufi ƙofar gabas, mutanen dutse kuma da gatura da garkuwoyin fata suka nufi kusurwar arewa inda ganuwa ta fi gajarta. Nikitas ya zo coci da gudu ya ce a ba shi izini ya ɓamɓare dalmar rufin ƙubba. Damiyanos ya dubi sama, ya dubi ƙurar da ke tasowa, ya ce kafin a hau a ɓamɓaro a narke, Tarkanos yana zaune a kan kujerar Babban Limami. Nikitas ya ce to sai takobi, sai abin da Allah ya yi, ya juya ya koma bakin aiki.

Damiyanos ya shiga ɗakin ajiya ya tsaya. Haske yana shigowa ta ƙaramar taga, yana sauka a kan kantoci daga ƙasa har rufi, kowace takarda a nannaɗe, kowacce da dalmarta tana reto a bakin igiya. Rayuwarsa ke nan. Ya san wacce ta tabbatar da lambun kwari, ya san wacce ta raba rikicin rijiya tsakanin ƙauyuka biyu tun kafin a haifi kakansa. Ya kuma san takardar da aka yanke wa hatimi ta zama fatar akuya kawai, gobe kowane mai ƙarfi zai iya cewa gonar coci tasa ce. Ya kama dalma ɗaya a tafin hannu ya auna nauyinta, sai ya ji daidai take da abin da majajjawa take so.

Ya tafi ɗakin Babban Limami ya durƙusa ya faɗi abin da ke ransa. Tsohon ya ɗora masa hannu a ka ya ce, "Ɗana, waɗanda sunayensu ke kan dalmar nan makiyaya ne, kuma mutuwa ba ta sauke su daga aiki ba. In za su iya tsare garken yau, sake su su tafi."

Ya koma da wuƙa. Hatimin farko da ya yanke sai da hawaye ya zubo masa. Daga nan hannu ya saba, sauran limamai suka shigo suka kama masa, matan unguwa suka kawo kwanduna. Na Arsaniyos kaɗai ya ware a kwando guda, ya ce waɗannan sai in babu yadda za a yi.

Da ya hau ganuwar gabas yana haki, tsanuka sun riga sun jingina. 'Yan majajjawa suka leƙa cikin kwando suka ga surorin waliyyai, suka ja da baya, ba wanda ya yarda ya taɓa. Damiyanos ya ga in aka yi jinkiri an mutu, sai ya share fuska, ya ɗauki ɗaya ya duba sunan, ya ɗaga murya.

Ya ce, "Wannan Limami Yulogiyos ne, Allah ya ji ƙansa. Wa'azinsa bai taɓa barin kowa a farke ba. Karɓi, ɗan'uwa, yau ma zai kwantar da wani."

Wani tsohon maharbi ya tuntsire da dariya, ya karɓa ya sumbata, ya sa a majajjawa ya wulwula ya saki. Dalmar ta sami na kan gaba a tsani a tsakiyar kwalkwali, ya rikito ya kwashe na bayansa. Ganuwa ta ɗauki sowa. Daga nan Ma'aji ya bi layi yana rabawa, kowane mamaci da kirarinsa. Wannan Makariyos ne mai nauyin hannu, wanda in ya shafa maka albarka sai ka kwana da ciwon wuya. Wancan kuma bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba, a jefa shi da wuri. Mazaje suna dariya suna jifa, dalma tana sauka a kan rundunar Tarkanos kamar ƙanƙara, tsani bayan tsani yana komawa da baya. Nikitas yana tsakiya da takobi, duk wanda ya kai kansa saman bango ya tarar da shi.

Ana cikin haka aka aiko daga kusurwar arewa cewa mutanen dutse sun kai gindin ganuwa, kuma ko tsakuwa ba ta rage ba. Saura kwando ɗaya. Damiyanos ya rungume shi ya kai da kansa, wannan karon bai yi wa kowa kirari ba. Aka jefa. Jim kaɗan sai wani abin mamaki ya faru. Mutanen dutse suka fara sunkuyawa suna tsinta, wannan ya nuna wa wancan, gatura suka sauka, ihun yaƙi ya koma gunaguni. Sai ga wani dogon mutum mai jan gemu ya fito gaba, ya juya garkuwarsa ciki waje alamar magana yake so, kwalkwalinsa a lotse ta gefe ɗaya. Sambat ne.

Ya ɗaga dalma a tsakanin yatsu ya ce, "Ku na kan bango, ku ji. Tarkanos ya rantse mana cewa dakaru sun kulle Ubanmu Arsaniyos a kurkuku, mun gangaro ne mu fito da shi. Wazirinku ma ya dafa littafi a gabana ya tabbatar. Yanzu ga sunansa ya fasa mini kai. Ko dai ku ɓarayi ne da kuka washe ɗakinsa, ko kuwa an yi wasa da hankalinmu. Ku nuna mini shi da rai, in ba haka ba yau ba zan bar namiji a garin nan ba."

Mutanen Siranda sun daɗe suna ba da labarin gudun da Ma'aji ya yi a ranar, riga a tattare, gemu yana tashi, shi da rabonsa da gudu tun yana saurayi. Aka ɗauko Babban Limami a kan kujerarsa, limamai suka hau da shi matakala a hankali, aka ajiye shi a bakin ganuwa inda kowa zai gan shi. Muryar tsohon ba ta wuce kamu ɗaya, saboda haka Damiyanos ya tsaya a gefensa ya zama sanƙira, abin da ya ji ya maimaita da muryarsa mai cika kwari.

Tsohon ya leƙa ya yi magana, Ma'aji ya ɗan yi turus, sannan ya faɗa yadda ya ji. "Ubanmu ya ce, Sambat, ashe kai ne ka girma haka? Ya ce shi ya yi maka baftisma a ruwan sanyi kana jariri, ka tsula masa fitsari a sabuwar riga, har yau ba ka ba shi haƙuri ba."

Dariya ta fara daga bayan Sambat, ta bi sahu-sahu har ƙarshen rundunar dutse, ta hau ganuwa ta haɗu da ta mutanen gari. Sambat ya cire kwalkwali, fuskarsa ta yi ja kamar gemunsa, ya zube a kan gwiwoyinsa, mutanensa suka zube a bayansa. Babban Limami ya sa aka gaya musu ba wanda ya kulle shi sai tsufa, kuma bai taɓa sa wa tawaye albarka ba. Ya ce ya gode wa duk wanda ya zo cetonsa, kuma in har yanzu suna da niyya, ga masu neman kulle shi can a ƙofar gabas.

Sambat ya miƙe tsaye. Ya busa ƙaho, mutanen dutse suka juya suka zagaya ganuwa suka faɗa wa rundunar Tarkanos ta haƙarƙari. Nikitas ya ga dama ta samu, ya sa aka buɗe ƙofa ya fita da duk wanda zai iya riƙe makami. Rundunar da ta sha dalma tun hantsi ba ta iya jure wuta biyu ba, ta watse cikin gonakin inabi. Tarkanos ya tsere da 'yan mahaya kaɗan, ya bar jan takalminsa ɗaya a cikin taɓo. Waziri Fotinos kuwa a ƙarƙashin amalanken ciyawa aka zaƙulo shi, aka tsare shi har hakimi ya dawo ya yanke hukunci.

Kafin la'asar ƙararrawa ta cika gari. Mata suna guɗa a kan soraye, aka fasa rumbun coci aka dafa wa baƙi da 'yan gari. Mutanen dutse suka bazu a fagen fama suna tsintar dalma, suka riƙa kawowa a cikin garkuwoyinsu suna zubewa a gaban Ma'aji. Wasu hatiman sun dawo lafiya, wasu sun lotse har ba a gane waliyyin da ke jiki. Damiyanos ya zauna a ƙasa a tsakiyarsu yana juya su ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa kowanne barka da dawowa. Babban Limami ya ce kada ya damu, duk takardar da ta rasa hatiminta za a karanta ta a gaban majalisa da shaidu, shi kuma ya sake buga mata nasa tun yana da sauran numfashi.

Kashegari aka taru a coci don godiya, har mutane suka cika farfajiya. Bayan addu'a Sambat ya fito gaba ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja kwanan Ubanmu. Ƙarya ta shige mu ne domin muna nesa. In ƙanƙara ta rufe hanya, sai mu yi watanni ba mu ji daga gare ka ba, duk wanda ya zo da rantsuwa sai mu gaskata. Ka ba mu namu Babban Limami da zai zauna a cikinmu, da nasa hatimi, mu san muryarsa mu san dalmarsa."

Tsohon ya ce roƙon ya yi kyau, ya tambaye shi ko akwai wanda suke so. Sambat ya juya ya miƙa hannu ya ce wancan, mai muryar da take haye kwari, domin a ƙasarsu daga wannan dutse ake kiran wancan.

Damiyanos ya waiga bayansa ya ga ba kowa sai ginshiƙi. Ya fara kawo uzuri. Ya ce gwiwoyinsa sun lalace, ya ce bai iya hawan alfadari ba, ya ce ɗakin ajiya yana nan a hargitse, kuma shi mutum ne mai yawan dariya, bai dace da babbar kujera ba. Nikitas ya ce zai ba shi alfadarin da yake ja wa runduna kaya, wanda bai taɓa gajiya ba. Babban Limami ya bar shi ya gama, sannan ya kira shi kusa ya ce, "Na ga mutum ya yanke abin da ya fi so a duniya da hannunsa don mutane su rayu. Ban san wata jarrabawa da ta wuce wannan ba. Dariyar kuwa tafi da ita, can sama ana sanyi."

Ya juya ga jama'a ya tambaye su, bisa al'adar Rum, ko mutumin nan ya cancanta. Coci ya amsa da murya ɗaya cewa ya cancanta, na farfajiya suka karɓa, na kan titi suka karɓa, har shelar ta kai bakin ganuwa. Damiyanos kuwa hawaye ne suke bin gemunsa.

Mutanen dutse suka matso za su ɗaga shi a kan garkuwa yadda suke yi wa shugabanninsu. Na farko suka gwada suka kasa, aka ƙaro wasu ƙarti, Sambat da Nikitas suka sa kafaɗa, sannan ya tashi sama yana tangaɗi, yana riƙe da gashin wani. Suka fito da shi ta babbar ƙofa cikin rana, jama'a suna watsa masa ganyen zaitun. Daga can sama idonsa ya wuce kan ganuwa ya sauka a kan tsaunuka, farare a ƙoli, da ƙananan ƙauyuka maƙale a jikinsu, hayaƙi yana tashi daga kowanne. Duk rayuwarsa yana ganinsu, amma bai taɓa tsayawa ya dube su ba sai yau. Ya saki gashin da ya riƙe, ya daidaita zama, ya ɗaga hannun dama ya sa musu albarka.